Kafin a ce wa yaro daƙiƙi

Akwai jimla ɗaya da na taɓa rubutawa wadda har yau nake jin kunyarta. Da jan biro na rubuta ta, a katin sakamakon wani yaro ɗan aji uku, lokacin ina koyarwa a firamare: "Yana da basira amma ba ya mai da hankali."

Yaron nan, in da baki na ba su labari, kafin in rufe baki ya ɗaga hannu. Ya san wanda ya cuci wani a labarin, ya san dalili, wani sa'in har ya riga ni faɗin abin da zai biyo baya. Amma da zarar na ce a buɗe littafi kowa ya karanto layi ɗaya, sai fitsari ya matsa masa. Kullum. Ranar da na hana shi fita kuwa, sai na lura yana ƙirga yaran da ke gabansa da ido, ya gano layin da zai faɗo kansa, ya sa na kusa da shi ya raɗa masa, ya haddace. Wata rana wani yaro ya karanta layi biyu a maimakon ɗaya, lissafi ya ɓaci. Yarona ya miƙe ya rero layin da aka riga aka wuce, tsaf ba gargada, yatsansa a kan wani wuri dabam. Aji ya kwashe da dariya. Ni ma, Allah Ya yafe mini, sai da na murmusa.

A littafinsa na shifta, kalmar "makaranta" ta fito sau uku a shafi ɗaya, kowacce da kamanninta: "makarata", "markanta", ta ukun kuma "makanta". Na ja musu layi duka, na sa ya sake rubuta ta sau ashirin. Ya rubuta. Washegari ya sake ɓata ta.

Da na san tarihi a lokacin, da kalmar nan ta uku ta sa na dakata, domin "makantar kalma" shi ne sunan farko da likitoci suka ba irin wannan hali. A shekarar 1896 wani likita a Ingila mai suna Pringle Morgan ya rubuta labarin wani yaro ɗan shekara 14 da ya kira Percy. Yaro ne mai wayo, ba ya baya a wasa, lissafi bai gagare shi ba, amma shekara da shekaru ana koya masa karatu ya ƙi zama. Sunansa ma "Precy" yake rubuta shi. Malaminsa ya shaida cewa da baki kawai ake koyarwa, da babu yaron da zai kama ƙafarsa a makarantar. Shekara tara kafin nan, a 1887, wani likitan ido a Jamus, Rudolf Berlin, ya ƙirƙiro kalmar da ake amfani da ita yanzu, wato disleksiya. Sama da shekara ɗari ke nan ana rubuce-rubuce a kan abin, ni kuwa na yi karatun koyarwa na gama ban taɓa jin an ambace shi a aji ba.

Matsayina a wannan magana shi ne, kalmomin da muke jifan irin waɗannan yara da su, daƙiƙi, malalaci, mai ƙwaƙwalwar kifi, "kansa ba ya ja", illarsu ta wuce zafin da yaro ke ji a zuci. Suna sallamar malami daga aiki. Da zarar ka ce yaro daƙiƙi ne, ka gama bincike, babu sauran tambaya. Alhali tambayar da ta kamata ita ce: a ina daidai ya maƙale? Ana cewa laifin yaro ƙiuya, kuma akwai yara masu ƙiuyar, ban musa ba. Amma wanda ya zauna yana ƙirga kawuna, yana haddace layi a ɓoye don kada a yi masa dariya, ya fi kowa a ajin wahala.

Yawancin likitocin da suka fara nazarin abin na ido ne, shi ya sa aka daɗe ana zaton a ido matsalar take. Har yanzu mutane da yawa in aka ce disleksiya sai su ce, "A'a, masu ganin haruffa a juye?" Juya harafi kusan kowane yaro yana yinsa a farkon koyo. Ƙwaƙwalwa ta saba da cewa kujera kujera ce, ko ta fuskanci dama ko hagu. Sai ga rubutu ya zo ya ce mata b dabam, d dabam, ga kuma ɓ da ɗ da 'yan ƙugiyoyinsu. Dole ta ɗauki lokaci kafin ta yarda. Abin da bincike ya fi tabbatarwa shi ne tushen matsalar yana wajen sautin magana. Yaro yana koyon magana ba tare da an zaunar da shi ba, amma karatu ƙirƙira ce ta ɗan Adam da ba ta wuce shekara dubu biyar da 'yan kai ba, kuma ƙwaƙwalwa ba ta zo da wurin da aka keɓe masa ba. Aro take yi: wani sashe a ɓangaren hagu, ta baya can ƙasa, wanda aikinsa gane siffofin abubuwa, shi ake horarwa ya gane haruffa, a haɗa shi da sassan da ke kula da magana. Kafin haɗin ya ƙullu sai yaro ya iya jin cewa kalmar da ke fita bakinsa a dunƙule tana da gaɓoɓi, gaɓoɓin kuma suna da ƙananan sautuka.

Gwada wannan da yaro ɗan shekara bakwai, ba littafi ba allo. Ka ce masa, "Ce bango." Ya ce. "To, cire sautin farko, me ya rage?" Yara da yawa za su ɗan yi shiru su ce "ango", su yi dariya. Mai disleksiya sau da yawa zai tsaya yana kallonka, ko ya ce "gini", ko ya maimaita "bango". Kunnensa lafiya lau, ma'anar kalmar ya sani, amma farke ta ya fitar da sautukan ciki shi ne aikin da ke ba shi wuya. Wanda bai ji "ran" a matsayin gaɓa mai zaman kanta a tsakiyar "makaranta" ba, ko sau ɗari ya kwafe ta, hoto yake kwafa, kuma hoton zai dushe kafin gobe.

Tsarin rubutun harshe ma yana da tasiri. A 2001 aka buga wani bincike da Eraldo Paulesu ya jagoranta, aka gwada masu disleksiya daga Italiya da Faransa da Ingila. Hoton aikin ƙwaƙwalwarsu ya nuna rauni iri ɗaya, amma 'yan Italiya sun fi sauran karatu daidai, saboda a harshensu yadda aka rubuta kusan haka ake furtawa, Turanci kuwa harafi ɗaya sai ya yi sauti uku ko huɗu. Rubutun Hausa na boko ya fi kusa da na Italiya ta wannan fuska, sai dai ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti: "wuya" ta jiki da "wuya" ta wahala duk rubutu ɗaya ne, sai jimla ta raba gardama. A harsunan da rubutunsu ke bin furuci, matsalar ta fi fitowa a matsayin jinkiri. Yaro zai karanta daidai, amma gaɓa-gaɓa, da gumi, kafin ya kai ƙarshen jimla ya manta farkonta. Irin wannan shi ya fi saurin ɓacewa malami, domin ba a jin kuskure, sai dai a ce "ba shi da sauri".

Ba karatu kaɗai abin ke shafa ba. Akwai wanda nasa a lissafi yake, abin da Ladislav Kosc ya bayyana a 1974 da sunan diskalkuliya: yarinya tana aji biyar amma 4 a tara da 3 sai ta ɓoye hannu a ƙarƙashin tebur ta ƙirga yatsu, in ka tambaye ta 8 da 5 wanne ya fi yawa sai ta yi tunani, agogo mai hannu kuwa ya zame mata dodo. Akwai wanda nasa a rubutu yake, amsa na kansa amma hannu ya ƙi sauke ta. Sau da yawa kuma ɗayan waɗannan kan haɗu da matsalar rashin iya tsayar da hankali wuri ɗaya, ko da yake ita wannan aba ce dabam. Kundin da ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013 ya tattara na karatu da na rubutu da na lissafi a ƙarƙashin suna ɗaya, ya ƙiyasta cewa suna shafar kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na yara 'yan makaranta. A ajin yara 40, biyu zuwa shida ke nan. Duk malamin da ya ce bai taɓa koyar da irinsu ba, bai gane su ba ne.

A nan sai na ja wa ɓangarena birki, domin akwai wani kuskuren da ke jiran mai sabon ilimi. Wanda ya ji sunan disleksiya jiya, yau sai ya riƙa ganinta a kan kowane yaro. Ba duk wanda ya kasa karatu ne ke da tawayar koyo ba, wato irin waɗannan matsaloli na karatu ko rubutu ko lissafi. Wani allo ne ba ya gani sosai daga inda yake zaune. Wani kunne ne ya yi ta ciwo yana ƙarami. Wani ya yi ta fashin makaranta, wani da harshen da bai iya ba ake koya masa, wani kuma ba a taɓa koya masa karatun ba, an dai sa shi bin baki. Shi kansa kundin na 2013 ya gindaya sharaɗi cewa sai matsalar ta ɗore aƙalla wata shida duk da an ba yaron taimako a kan abin da ya gagare shi. In rabin aji ba sa iya karatu, kada a je ana laluben ƙwaƙwalwar yara, an bar jaki ana dukan taiki. Koyarwar za a duba.

Sai dai wannan taka-tsantsan ba hujjar zama a naɗe hannu ba ce, kuma Amurka ta koyi wannan da tsada. A can ne masanin ilimi Samuel Kirk ya yaɗa laƙabin da nake fassarawa da tawayar koyo, a wani taron iyaye a Shikago a 1963, kuma dokar 1975 ta wajabta wa makarantun gwamnati ilmantar da yara masu nakasa. Amma hanyar tantancewar da aka bi shekaru da yawa ita ce a auna basirar yaro, a auna karatunsa, sai in tazarar ta yi faɗi sannan ya cancanci taimako. A aji ɗaya tazara ba ta isa ta bayyana ba. Sai a jira ya kai aji uku ko huɗu, ya faɗi sosai, sannan a ce yanzu ya cancanta. Su da kansu suka riƙa kiran tsarin da "jira ya faɗi". A 2004 aka gyara dokar, aka ba makarantu damar bin wata hanya: a fara taimakon da wuri, a ga yadda yaro ya karɓa, wanda bai motsa ba a ƙara masa ƙarfi, wanda har yanzu ya tsaya a kai shi ga ƙwararru.

Wannan ita ce hanyar da nake goyon baya, musamman ga malamin da ba shi da masanin da zai tura wa yaro. Ba sai an kawo maka takardar likita kafin ka koya wa yaro sautuka ba. In yana da disleksiya, abin da yake buƙata ke nan. In ba shi da ita, bai yi asara ba. Jinkiri kuwa yana da farashi. Wani mai bincike kan karatu, Keith Stanovich, ya bayyana shi a 1986: wanda ya fara karatu da sauƙi yana jin daɗi, sai ya ƙara karantawa, kalmominsa su ƙaru, karatun ya ƙara sauƙi. Wanda ya fara da ƙyar yana gudun littafi, sai ya rasa kalmomin da littafi ke bayarwa. Tazarar da ta fara kamar taku ɗaya, a aji shida ta zama tafiyar yini, kuma yanzu ta shafi kimiyya da tarihi da komai, tunda duk ta ƙofar karatu ake shiga.

Me ke aiki? Amsar ba ta da armashi, shi ya sa ba ta samun masu talla. Koyar da alaƙar sauti da harafi a fili, bi da bi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, ba tare da an bar yaro ya yi cinke daga hoto ba. A ƙaramin rukuni, lokaci kaɗan amma kusan kullum, da maimaici mai yawa. Rahoton kwamitin ƙasa kan karatu na Amurka a 2000 da rahoton Jim Rose kan disleksiya a Ingila a 2009 duk nan suka nuna. Tun shekarun 1930 likita Samuel Orton da malama Anna Gillingham suka tsara koyarwa irin wannan, inda yaro ke ganin harafi, ya furta, ya zana shi da yatsa. Ina son zanen da yatsan domin yana riƙe hankalin yaro, amma a ganina ƙarfin hanyar yana cikin tsarinta da naciyarta. Abin da ba ya aiki kuma an san shi: tabarau masu launi da motsa-ido da ake tallatawa iyaye. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tare da likitocin ido sun fitar da sanarwa a 2009 cewa babu hujjar kimiyya da ta nuna suna magance disleksiya. Duka ma ba ya aiki. Yana dai koya wa yaro ƙin littafi da wayon ɓuya. Maimaita aji kuwa, in hanyar koyarwa ba ta canza ba, maganin da bai yi aiki bara ba ne aka sake ɗura masa.

Inda aka fi samun gardama tsakanin malamai shi ne sassauci. Ka ce a ƙara wa yaro lokaci a jarrabawa, ko a karanta masa tambaya, sai wani ya ce an yi son kai, sauran yaran fa? Ni tambayata ita ce: me jarrabawar take aunawa? In ana son a san ko yaro ya fahimci yadda tsiro ke shan ruwa daga saiwa, karanta masa tambayar bai ba shi amsa ba. In kuwa ya faɗi saboda ya kasa karanta tambayar, to sakamakon ƙarya ne, an rubuta kimiyya a sama amma karatu aka auna. A jarrabawar karatu kanta ba za a karanta masa ba, nan kam sai ya yi da kansa. Haka batun jan biro. Shafin da aka yi wa ja ashirin ba ya koyar da komai, yaro rufe shi yake yi. Zaɓi kuskure biyu ko uku na wannan makon, ka bar sauran zuwa lokacinsu. Kuma kada a tsayar da shi ya yi karatu a gaban aji ba shiri. In ana son ya yi, a ba shi layinsa tun jiya. Abin da yarona ke yi a ɓoye ke nan, da ni na ba shi a sarari da ba a yi dariyar nan ba.

Dariyar tana da nata sakamakon. Yaro da yawa ya gwammace a kira shi fitinanne da a kira shi daƙiƙi, domin fitinanne yana da ƙima a idon abokai. Sai ya fara tsokana daidai lokacin da aka ce a ɗauko littafi, a kore shi waje, ya huta. Yarinya kuma sau da yawa shiru take yi, ta kwafe komai daga allo da kyakkyawan rubutu, ba wanda ya san ba ta iya karanta abin da ta kwafa ba.

Na san abin da malamin da ajinsa ya cika maƙil zai ce: a ina zan sami lokacin? Yana da gaskiya, kuma ba na son rubutun da ke ɗora wa malami laifin komai. A 1994 wakilan gwamnatoci 92 suka hallara a Salamanca ta Sifaniya suka amince cewa yara masu buƙata ta musamman su yi karatu a makaranta ɗaya da kowa. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa ta 2006 ta sake nanata haka a sashe na 24. Manufa ce mai kyau. Amma a zaunar da yaro a aji, ba a horar da malaminsa ba, ba a rage masa nauyi ba, kujera kawai aka ba shi. Kwalejojin horar da malamai su ne ya kamata a fara tuhuma: yaya za a yaye malamin firamare bai san yadda ƙwaƙwalwar yaro ke koyon karatu ba? Duk da haka, rage jan biro da daina kunyata yaro ba sa cin ko minti ɗaya.

Abu ɗaya kuma da ba na so daga masu kyakkyawar niyya shi ne jero sunayen shahararru. Gaskiya ne mai shirya finafinai Steven Spielberg ya faɗa da bakinsa cewa sai da ya kai wajen shekara sittin aka gano yana da disleksiya, kuma jin haka na iya kwantar wa yaro hankali. Amma yawancin yaran nan ba za su zama shahararru ba, kamar yadda yawancinmu ba mu zama ba. Bai kamata sai an yi wa yaro alkawarin wata ɓoyayyiyar baiwa ba kafin a ga ya cancanci a koya masa karatu.

Disleksiya tana bin jini, wannan ma an tabbatar. Ranar da na kira mahaifin yarona, na shirya jawabi mai tsawo. Ya duba littafin shiftar, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Malam, ni ma haka aka yi ta fama da ni har na bari." Bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba.

Wata abokiyar aikina, wadda ta girme ni a aikin, ita ta nuna mini abin yi. Marufan kwalba ta tara, muka rubuta gaɓa ɗaya a kan kowanne. Minti goma sha biyar kafin a shiga aji, ni da shi da wasu yara biyu. Ya tura marfi ɗaya ya ce "ma", ya tura na biyu ya ce "ka". A "ran" ya kan tsaya, ya tsallake, in mayar da yatsansa baya, ya sake. Zango ɗaya kawai ya rage mana a shekarar, kuma ba zan ce ya kamo 'yan ajinsa ba, bai kamo su ba. Katin da na rubuta jimlar nan a kai ya riga ya tafi gida tun zangon farko. A shiftar ƙarshe kalmar ta fito sau biyu. A layi na biyu ya rubuta "makaranta" cif. A layi na biyar ya rubuta "makarata". Na ɗauki biro na zagaye ta layi na biyu, na miƙa masa littafinsa.